Shekara uku ina aiki da matasa, har yanzu kullum cikin "ban sani ba" nake

Ladidi_M
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun jiya nake rubuta wannan ina gogewa. Shekarata uku a wata cibiyar matasa, yaranmu galibi 'yan 14 zuwa 19 ne, suna zuwa da yamma. Na ɗauka in na yi shekara biyu zuwa uku zan fara sanin inda na dosa. Sai ga shi abin gaba yake yi.

Akwai wani yaro ɗan shekara 16, ba mai yawan magana ba. Rannan muna tattara kujeru bayan an tashi, sai ya tsaya da kujera a hannu ya ce, "Anti, in na gaya miki wata magana, kin yi alkawari ba za ki faɗa wa kowa ba?" Na ce masa ba zan iya wannan alkawarin ba, in abin ya shafi lafiyarsa ko ransa dole in nemi taimako, amma ba abin da zan yi a bayan idonsa. Haka aka koya mana. Ya dube ni, ya ce "to shi ke nan", ya ajiye kujerar ya fita. Yau kwana 19 ban sa shi a ido ba. Wayarsa tana shiga, ba ya ɗagawa.

Na bi ƙa'ida, amma ban sani ba ko taimakonsa na yi ko kuwa ƙofar da ya yi wata shida yana buɗewa na rufe. Ga kuma tallafin da ake biyan mu da shi saura wata huɗu ya ƙare, ba wanda ya san ko za a sabunta. Yaran suna tambayata, "Anti kina nan baɗi?" sai dai in yi murmushi.

Ku da kuka daɗe a ciki, yaya kuke yi? Rashin tabbas ɗin nan yana raguwa ne, ko sabawa mutum yake yi?

Malam_Tanko
Wa alaikumus salam 'yata. Na haura shekara ashirin a ciki, kuma amsar ita ce ba ya raguwa. Malamin aji yana da manhaja, yana da ƙararrawa, ɗalibi kuma dole ya zo. Mu yaron da ƙafarsa yake zuwa, da ƙafarsa yake tafiya, ba mu da sandar da za mu tare shi. Wannan zuwan na ganin dama shi ne ginshiƙin aikin, kuma shi ne tushen ciwon kanmu. Ranar da aka tilasta musu zuwa, ranar aikin ya zama wani abu dabam.

Abin da ya canja a wurina shi ne, da can in ban san amsa ba sai in ji kamar an kama ni da laifi. Yanzu ina iya ce wa yaro, "Ban sani ba, amma zauna mu duba." A shekaruna na farko da ƙyar bakina yake furta haka.

Garba_MaiƘwallo
Ni fa ku yi haƙuri, da ni ne da na ce masa "faɗa min mana, ina jin ka." In na ji abin, sai in san yadda zan yi. Yaro ya tattaro duk ƙarfin halinsa, ke kuma kika tare shi da dokar ofis. Ni a filin ƙwallo nake aikina, yaran nan ba sa buɗe baki sau biyu. Yanzu ga shi ba ki san komai ba, shi ma bai samu komai ba.

Hajiya_Asabe
Malam Garba, a'a. Na ga inda wannan hanyar take kaiwa. Ka ce "faɗa min", yaro ya ɗauka ka amince da sharaɗinsa, ya gaya maka wani babba yana taɓa shi, ko yana tunanin halaka kansa. Yanzu dole ka kai maganar gaba. A idonsa ka yaudare shi, kuma ba shi kaɗai zai sani ba, kafin mako ya zagayo duk yaran sun ji cewa wurin Malam Garba ba a ajiye magana. Ka rasa ɗaya, ka rasa talatin.

Ladidi, abin da kika faɗa masa daidai ne. Inda nake da gyara shi ne abin da ya biyo baya. Yaro ya nemi faɗin sirri, ya fasa, sannan ya ɓace kusan mako uku: wannan kansa abin damuwa ne, ba sai kin san sirrin ba. Ki rubuta kalmominsa kamar yadda ya faɗe su, da rana da lokaci, ba fassararki ba. Ki kai wa wanda ke kula da kare yara a wurinku yau ɗin nan. Kada ki ɗauki ƙafa ki tafi gidansu kai tsaye, don ba ki sani ba ko matsalar a cikin gidan take, zuwanki ya zama kin tona shi.

Kuma in Allah ya sa ya dawo kika ga alamun da ba ki gane ba, kada ki ji tsoron tambayarsa ƙarara ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da tabbatar da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. A ɗakin da ke da yara 28, ki lissafa da kanki.

Garba_MaiƘwallo
Hajiya na ji, kuma ban ƙi ba. Amma akwai yadda ake faɗin gaskiyar da ba za ta zama kamar an karanta wa mutum takardar kotu ba. Ni nakan ce, "Ba ni labarin kamar na wani abokinka ne, kada ka kama suna, in gaya maka abin da zan yi da a ce gaske ne." Da yawa ta nan suke shigowa. Sun san na gane, na san sun sani.

Hajiya_Asabe
Wannan dabara ce mai kyau, matuƙar ka riga ka faɗa masa iyakarka. Da ita ka fara ai da ban ɗaga murya ba.

Talatu_J
Don Allah a yi hattara da bayanin yaron nan. Guruf ɗin nan mutum nawa ne a ciki? Wani zai iya gane shi.

Ladidi_M
Kin yi gaskiya Anti Talatu. Na canja wasu abubuwa kafin in tura, wanda ya san cibiyar ma ba zai gane ko wane ne ba. Hajiya, na gaya wa shugabarmu da baki tun washegari, ta ce mu jira mu gani. Ban rubuta ba. Yanzu zan rubuta.

Ɗalibin_Ilimi
Abin da Ladidi take ji yana da suna a karatu. Wani malami a Amurka, Donald Schön, ya yi rubutu a 1983 kan yadda ƙwararru suke tunani a tsakiyar aiki. Ya ce kowace sana'a tana da tudu da fadama. A kan tudu ƙasa ta bushe, matsaloli a fili suke, littafi yana da amsarsu. A fadama kuwa caɓi ne, ba ka ma san mece ce matsalar ba balle maganinta. Abin takaicin, in ji shi, matsalolin da suka fi damun mutane a fadamar suke. Makaranta tana horar da mu a kan tudu, sai a ba mu aiki a fadama.

Abin da ya ce ƙwararre yana yi shi ne tunani a cikin aiki: ka gwada abu, ka ga yadda mutumin ya karɓa, ka gyara nan take. Sannan tunani bayan aiki, in ka koma gefe ka sake duba abin da ya faru. Dabarar Malam Garba ta "labarin abokinka" irin ta farkon ce, ba a littafi ya samo ta ba.

Akwai kuma Michael Lipsky, shi a 1980, da ya nuna cewa ma'aikatan da ke fuskantar jama'a kai tsaye su ne a zahiri suke yanke yadda doka za ta kasance, domin ba dokar da ta hango kowane hali, kuma kullum kayan aiki ba sa isa. Wato Ladidi ba gazawa ta yi ba, a inda aka ajiye ta take.

Yayale
Malam Ɗalibi, wato sai da Bature ya rubuta littafi kafin mu san muna cikin caɓi? Ai takalmanmu sun daɗe da gaya mana.

Ɗalibin_Ilimi
Haka ne Yaya. Amfaninsa ɗaya: in shugabanka ya ce me ya sa ba ka bi jadawali ba, ka ce masa Schön ne ya ce. Sun fi jin tsoron sunan da ba su iya furtawa.

BabanYara
Ina so in raba abu biyu da ake ta cakuɗawa. Ladidi ta kawo rashin tabbas iri biyu a saƙo ɗaya, kuma ba uwarsu ɗaya ba.

Na farko na yaron ne. Wannan na aikin ne, ba wanda zai cire shi, rayuwar ɗan Adam ce. Na biyu, wato ko za a biya ta nan da wata huɗu, wannan mutane ne suka ƙirƙire shi a ofis. Ana ce mana ku gina amana da matasa, amana tana ɗaukar shekaru, sannan a ba mu kwantiragin wata goma sha biyu. Wata uku na farko ana jiran kuɗi su sauka, wata uku na ƙarshe ana rubuta neman sabo. Saura shida. A cikin shidan nan ake so yaron da duk manyan rayuwarsa suka watsar ya yarda da kai.

Abin da ke ba ni haushi shi ne in aka kira mu bita aka ce mu koyi "juriya", ana nufin mu haɗiye iri na biyun kamar shi ma ƙaddara ce. Na taɓa yin wata biyar ba albashi ina zuwa cibiya kullum, ina koya wa yara tsara rayuwa, alhali ni ban san yadda zan biya haya ba. Wata yarinya ce ta lura takalmina ya ɓalle ta ce, "Malam, kai ma a tsara maka." Muka yi dariya, amma na kwana da maganar.

Anti_Binta
BabanYara ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni a Ingila nake wannan aikin, kada wani ya ɗauka can an huta. A nan ne aka daɗe da mayar da shi sana'a, tun bayan rahoton Albemarle na 1960 da ya sa gwamnati ta gina cibiyoyi ta horar da ma'aikata. Amma daga 2010 aka shiga tsuke bakin aljihu. Ƙungiyar YMCA mai aiki da matasa ta fitar da lissafi a 2020 cewa kuɗin da ƙananan hukumomin Ingila da Wales ke kashewa a kan hidimar matasa ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari a ƙasa da shekara goma. Ɗaruruwan cibiyoyi aka rufe. Dalili kuwa, in aka zo yanka, abin da doka ba ta ɗaure sosai ba shi ake fara kaiwa wuƙa.

Game da "kina nan baɗi?", ni na daina murmushi. Ina ce musu kuɗin aikin zuwa wata kaza ne, ana neman ƙari, ranar da na ji ku ma za ku ji. Yaran da aka sha yi wa tafiyar ba sallama sun fi kowa gane murmushin da ke ɓoye wani abu.

Sani_Lissafi
Bari in shigo a matsayin wanda kuke zagi a bayan ido. Ni nake haɗa rahoton da ake aika wa masu ba da tallafi. Kuna cewa aikinku ba ya aunuwa. To mai kuɗin yana da buƙatu goma a gabansa: rijiya, allurar rigakafi, ajujuwa. Mai rigakafi ya ce yara dubu kaza aka yi wa. Ku kuma ku ce "mun gina dangantaka". Wa za a ba?

Ba na cewa lamba ita ce komai. Amma na ga ma'aikatan da suke fakewa da "ba a iya sani" don kada a tambaye su me suka yi tun safe. Wani ko rajistar zuwa ba ya cikewa. Da Ladidi ba ta riƙe lissafi ba, da ba ta san kwana 19 ba ne, da sai ta ce "kwana biyu ban gan shi ba".

BabanYara
Malam Sani, rajista ba wanda ya ƙi ta. Fom ɗin da ke tambayata "matasa nawa ne halinsu ya gyaru a wannan zangon" shi nake magana. In na rubuta gaskiya a ce aikin bai yi ba, in na rubuta abin da ake so na yi ƙarya. Kuma ka san abin da hakan ke jawowa: ma'aikaci ya fara zaɓen yaran da za su ba shi lamba mai kyau, ya kauce wa irin yaron Ladidi, wanda zai cinye maka wata shida bai cike maka layi ɗaya ba.

Mairo_K
Akwai hanyar tsakiya da muka gwada. Wani mai suna Rick Davies ne ya fito da ita a Bangladash a shekarun 1990. Maimakon a tsara tun farko abin da za a auna, duk bayan 'yan watanni sai a tambayi matasan da ma'aikata: wane canji ne ya fi muhimmanci da ka gani, kuma me ya sa? A tara labaran, a zauna a yi gardama a zaɓi wanda ya fi, a rubuta dalilin zaɓen. Gardamar ce ma ta fi amfani. A namu zaman, mu ma'aikata mun zaɓi labarin wanda ya samu aikin yi. Yaran suka ƙi, suka zaɓi na wata da ta fara cin abinci a gaban mutane bayan wata takwas tana ɓuya. Ba mu ma lura ba. Masu tallafin sun karɓa, amma tare da lambobin, ba a madadinsu ba. Don haka Malam Sani kujerarka tana nan.

Sani_Lissafi
Alhamdu lillahi, yau dai ban fita da rauni ba.

Ummu_Khalil
Ni dai abin da yake riƙe ni addu'a ce. Kowane dare ina ambaton yaran da suka tsaya min a rai ɗaya bayan ɗaya, in miƙa su ga wanda ya fi ni sanin halinsu, in kwanta. An ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Rubutun da Hajiya ta ce a yi shi ne ɗaurin. Bayan nan shiriya ba a hannunki take ba, Ladidi.

Na_Ajiye_Aiki
Ummu Khalil, Allah ya karɓa. Amma bari in faɗi nawa, don ni ce misalin da ba a so a zama. Shekara bakwai na yi, na bari.

Wayata ba ta mutuwa. Ƙarfe biyun dare yarinya za ta kira tana kuka, in tashi zaune. Na ba kowa lambata don ina tsoron ranar da wani zai nema bai same ni ba, wani abu ya faru. Tsoron "in wani abu ya faru fa" shi ya cinye ni. Ban gane na ƙare ba sai ranar da wata ta zauna tana ba ni labari mai nauyi, hawaye na zuba, ni kuma idona yana kan agogon bango ina lissafin minti nawa ya rage. Ban ji komai ba. Ko ɗigo. Na koma gida na zauna a mota kusan awa ɗaya ban fito ba.

Daga baya na ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan hali a kundinta a 2019, a matsayin abin da aiki ke jawowa, da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nisa da aikin har ka fara ganin baƙinsa, sannan ka ji ba ka iya komai. Duka ukun ina da su. A shekara bakwai ɗin nan ba a taɓa zaunar da ni an ce "yaya kike?" ba, sai "ina rahoto?" Addu'a ina yi, amma ba ta sauke wa shugabanni nauyin da ke kansu ba.

Malam_Tanko
Sannu ƙanwata. Abin da aka hana ki shi ne abin da ya tsare ni. Zama da wani wanda ya fi ka daɗewa, sau ɗaya a wata, awa ɗaya, ba don ya duba ko ka cike fom ba, don ka zazzage masa abin da ka ƙunsa. Inda aikin ya kafu, wannan zaman haƙƙin ma'aikaci ne. Inda ba a ba mu ba, mu huɗu muka haɗa namu daga ƙungiyoyi dabam-dabam. Doka biyu: ba a kama sunan yaro, kuma ba a ba da shawara sai mai magana ya gama an yi masa tambayoyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai ɗan littafi. Bayan an tashi ina rubuta layi uku: me ya faru, me na yi, me ban gane ba. In na buɗe na shekarun baya, rabin abin da ya hana ni barci ya warware ba da hannuna ba. Wasu kuma da na ɗauka ƙanana ne su suka zama manya. Wannan ya rage min yarda da hasashena, na alheri da na sharri.

Wayar aiki dabam, ta gida dabam. Yaran su san ƙarfe nawa take mutuwa, su kuma san inda za su kira in ta mutu.

Ɗanjuma_S
Tambaya a gefe. Kuna ta cewa yaro, yaro. Ni matasan da nake aiki da su wasu sun kai 30, da 'ya'yansu. Wai ina matashi ya fara ina ya ƙare?

Ɗalibin_Ilimi
Ko a nan ba a daidaita ba. Majalisar Ɗinkin Duniya tana lissafi da 15 zuwa 24. Yarjejeniyar matasa ta Tarayyar Afirka, wadda aka amince da ita a Banjul a 2006, ta ce 15 zuwa 35. Amma yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. To ɗan 16 ɗin Ladidi matashi ne kuma yaro ne a lokaci guda. Sashe na 12 na yarjejeniyar haƙƙin yaran ya ce a saurari ra'ayinsa a ba shi nauyi gwargwadon hankalinsa, sashe na 3 ya ce a fifita abin da ya fi masa alheri. Ranar da abin da yake so da abin da ya fi masa alheri suka raba hanya, takardar ba ta tsayawa da ke a ɗakin. Naka ɗan 30 kuwa, Malam Ɗanjuma, sirrinsa nasa ne, sai in rai na cikin haɗari.

Wani_Daga_Ciki
Ban taɓa magana a nan ba, karatu kawai nake. Yanzu ina aikin sa-kai, amma shekarun baya ni ne yaron nan. Ba shi ba, kada a rikice, irinsa.

Na je zan faɗa wa malaminmu wani abu, ya ba ni amsa kusan irin ta Anti Ladidi. Na tafi, wata biyu ban koma ba. Ba fushi na yi ba. Kunya ce. Na ji kamar ya riga ya gani a fuskata. Duk kiran da ya yi ina kallon wayar tana haske har ta mutu, don na san in na ɗaga zai ce "me kake so ka gaya min?" kuma ban shirya ba.

Sai ya daina kira. Ya turo saƙo ɗaya: "Ranar Laraba za mu gyara ragar, muna buƙatar mai tsawo. Ba sai ka yi magana ba." Ban je Larabar ba. Na je ta gaba. Ya miƙo min igiya bai ce komai ba. Sai bayan kusan wata uku na faɗa masa, kuma ya kai maganar gaba kamar yadda ya ce zai yi, ina zaune a wurin. Na ji haushinsa a lokacin. Amma da ya yi min alkawarin ƙarya tun farko, da ban sake yarda da babba ba.

Anti, ki rage kira. Kira tambaya ce.

Hajiya_Asabe
Allah ya yi maka albarka ɗana, ka faɗi abin da mu ba za mu iya ba. Sai dai Ladidi, kada ki ɗauki labarinsa a matsayin alkawari. Wasu suna dawowa, wasu ba sa dawowa, wasu kuma shirunsu na haɗari ne. Ki rage matsa masa, amma a tabbatar wani ya gan shi da ido lafiya. Abu biyu ne, a yi su tare.

Garba_MaiƘwallo
Wannan ya tuna min da 2020, lokacin korona. Dare ɗaya aka rufe fili. Muka koma WhatsApp, sai muka gano waɗanda suka fi buƙatarmu su ne ba su da waya, ko wayar ta yayansu ce, duk abin da ka rubuta wani zai karanta. Na yi ta tsara abubuwa a guruf, mutum biyar suke amsawa. Abin da ya yi aiki a ƙarshe, na raba su biyu-biyu, kowa ya san wanda zai leƙa. Su suka riƙa kawo min labarin juna. Ladidi, yaron nan ba shi da aboki a cibiyar? Ba wai ki aike shi leƙen asiri ba. "Ka ga wane kwanan nan?" ya isa.

Yayale
Yau Garba da Hajiya sun kwana a shafi ɗaya. A rubuta ranar.

Ladidi_M
Na gode ƙwarai, na karanta kowane saƙo, na Anti da ta ajiye aiki sau biyu na karanta.

Ga inda ake. Na rubuta komai na kai wa shugabarmu, wannan karon a takarda, ta sa hannu. Fuskarta ta canja da ta gan shi a rubuce. Ta ce za ta tuntuɓi mai ba da shawara na makarantarsu ba tare da an bi ta gida ba tukuna. Na tambayi abokinsa kamar yadda Malam Garba ya ce. Ya ce yana ganin sa a aji, amma ya daina zama da su lokacin tara, kuma da na ce "lafiya dai?" sai ya ɗaga kafaɗa ya kalli ƙasa. Ban san me kafaɗar take nufi ba.

Na tura saƙo ɗaya, na ce ranar Asabar za mu yi wa bangon baya fenti, hannu bai ishe mu ba. Alamar nan biyu ta zama shuɗiya. Bai amsa ba.

Maganar tallafi kuma, jiya wata ta sake tambayata, na gaya mata gaskiya yadda Anti Binta ta ce. Ta yi shiru, ta ce, "To in an rufe, kujerun fa wa za a ba?" Ban da amsar wannan ma.

BabanYara
Ki ce mata Malam Sani zai saka su a rahoto.

Malam_Tanko
'Yata, in kina son shiga zaman namu na wata-wata, ta waya muke yi yanzu, ki yi min magana a gefe. Ke ma ƙanwata da kika ajiye, ƙofa a buɗe take, ba sai kina aiki ba.

Talatu_J
Ladidi, fentin nan wane launi ne? Ki bar su su zaɓa. Kuma ki ajiye buroshi ɗaya a gefe, kada ki ba kowa.

Ladidi_M
Sun riga sun zaɓa, sun kasa daidaitawa tsakanin kore da ruwan ƙwai, za a yi rabi da rabi. Buroshi shida na saya, mutum biyar ne suka ce za su zo.